Ranar da na buɗe ruhewar Inna Hajo

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakata, Inna Hajo, a ƙauyenmu da ke gabashin Tsarnawa. Har yau ban iya wuce ruhewarta kaina a ɗage.

A wurinta na fara jin bambancin kalmomin nan. Rumbu, in ji ta, na kara ne da zana, iska ma tana leƙa shi. Ruhewa kuwa, wadda littattafai ke rubutawa rufewa, da laka ake gina ta bisa duwatsu, mai ciki kamar tulu, baki ɗaya tak a sama. Ta ce daga rufewa sunan ya fito, tunda ba a gina ta don a gani ba. A garinmu ko ɗan da ka haifa ba ya hawa ruhewarka sai ka aike shi.

Na san wannan sarai. Amma a shekarata ta ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko, a Konni, aka ce kowa ya yi bayani a kan wani abin gargajiya, ni kuwa na zaɓi ruhewa. Na kwaso malamarmu da 'yan ajinmu uku muka zo. Rani ne, bayan shekarar da fara ta cinye gonaki. Inna ta shimfiɗa musu tabarma, ta dama fura. Malama ta ce tana son hoton ciki, sai na jingina tsani na hau, ban ko dubi Inna ba. Maƙwabta sun taru kallo. Na ture murfin.

Ba kome a ciki sai ƙaiƙayi da dami biyu na iri. Ni kuma, don wauta, na faɗi haka da ƙarfi, kowa ya ji.

Ashe wata uku tana surfa wa mutane hatsi a garin gaba, tana kawo ɗan abin da aka ba ta, kuma kowace Juma'a tana hawa tsanin nan da ƙwarya don a ɗauka ɗiba take yi. Magana zarar bunu ce. Kafin la'asar har an fara aiko mata da tsaba a ƙoƙo, ita da ke aika wa wasu.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da baƙi suka tafi ta ce, "'Yar lakwal, riƙe mini tsani in rufe."

Damina na kamawa ta kwanta. Ina can ina jarrabawa, ina ta shirya kalmomin ban haƙuri waɗanda suka fi kyau. Ban same ta ba.

Yanzu hatsi a buhu ake tara shi cikin ɗakin siminti, mai wucewa ma ya san yawansa. Da tana nan, ina jin dariya za ta yi, ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Zannuwanta an raba, turminta ya tsage. Abin da ya rage mini shi ne halinta na ba mutum abu ba tare da tambayar me ya rage masa ba. Ina koyo, da ƙyar. Allah ya jiƙan Inna. Gafarar da ban roƙa ba a gaban mutum goma, ga shi ina roƙonta a gaban kowa.