Hannun da Yaya ya ɓoye

Yayana bahago ne. Yanzu ina faɗa bakina sake, amma har ya shekara hamsin da biyu ba wanda ya isa ya furta wannan kalma a gidanmu in Baba na kusa.

Ni ce auta, shekara tara ya ba ni, don haka ban ga farkon abin ba, Inna ce ta ba ni labari kafin ta rasu. Ta ce tun yana rarrafe da hagu yake kai hannu ga komai. Baba kuwa ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai son komai ya tafi a kan layi, ya ɗauki abin tamkar abin kunya ne aka jajibo masa. In za a ci abinci sai ya ɗaure hagun a bayan yaron da tsumma. In an zo rubutu, rula ce ke sauka a bayan hannu. Maganarsa ɗaya ce kullum, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kuwa tanƙwaru. Ci da dama, gaisuwa da dama, rubutu da dama, ko da yake rubutun nan sai ka rantse kaza ce ta bi ta kan takarda.

Da ya shekara sha huɗu aka kai shi koyon kafinta. Ubangidansa ya ga ya ɗauki guduma da hagu yana waige-waige kamar ɓarawo, ya ce masa, “Kai, buga abinka. Ƙusa ba ta san dama da hagu ba.” Daga ranar Yaya ya zama mutum biyu. Na gida mai dama ne, na shago mai hagu.

Shagonsa rumfa ce a bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. Garin katako har idon sawu, fensir maƙale a kunnen hagu, zarto uku a rataye da ba ya yarda kowa ya taɓa. Ƙusa mai inci huɗu bugu uku yake mata ta shige. Amma da ya hango Baba tafe daga nesa, sai ka ga gudumar ta koma kan benci, ya ɗauki tef yana auna katakon da ya riga ya auna. Na sha yi masa tsiya a kan haka.

“Yaya, da furfurarka da 'ya'yanka huɗu kake ɓoye hannu?”

“Auta, ba ke aka ɗaure ba,” in ji shi, yana dariya.

A cikin gwangwanin ƙusoshinsa akwai wani abin da ba ƙusa ba, wato ƙwayar ciwon jiki. Biyu da safe, biyu da rana, shekara da shekaru, don bayansa ya bar shi ya tsaya a kan benci. Ruwa kuwa sai an tuna masa. Hawan jini ya daɗe da zama a jikinsa ba wanda ya sani. Da fitsarinsa ya fara kumfa ya yi shiru, don a ganinsa ba maganar da namiji zai kai wa wani ba ce. Sai takalmi ya daina shigarsa, fuska ta rinƙa kumbura da safe, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi, abinci ya koma masa kamar yana tauna ƙarfe.

Ranar da aka fara kai shi asibiti da ni aka je. Likitar ta zana mana a bayan takarda. Ƙoda biyu ce, ta ce, kowace kamar dunƙulen hannu, suna can baya ƙarƙashin haƙarƙari. Jinin jikin mutum duka ta cikinsu yake bi, ya zagayo ya sake bi, su tace shi, su riƙe mai amfani, dattin da ruwan da ya yi yawa su tura su ta 'yan siraran hanyoyi biyu zuwa mafitsara. Na Yaya duka biyun sun gaji, abin da ya rage na aikinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Nan da 'yan watanni sai inji ya karɓi aikin, a rinƙa yi masa wankin ƙoda sau uku a mako.

Yaya ya kalli zanen, ya tambaya ko ba a yi musu gyara. Shi a saninsa ba abin da ba ya gyaruwa in an sami mai hannu.

Zuwa na biyu ban samu zuwa ba, ɗana na kwance da zazzaɓi. Baba ne ya raka shi, yana dogara sanda, ya ce ba zai zauna a gida ana kai masa ɗa asibiti ba. Wannan rashin zuwan nawa har yau yana ci mini rai.

A ranar ne likitar ta yi bayanin aikin da za a yi a hannu. Injin yana son jini da yawa, jijiyoyin da ake gani a fata kuwa ba su da ƙarfin ba shi. Don haka za a tsaga wuyan hannu, a haɗa jijiyar da ke kai jini da wadda ke mayar da shi, a bar ta ta yi kauri, ta nan za a rinƙa soka allura. Hannun da aka yi wa haka ya yi sallama da ɗaukar nauyi da aikin ƙarfi. Shi ya sa ake yi a hannun da mutum ba ya aiki da shi. Sai ta tambaye shi, “Da wane hannu kake aiki?”

Baba na zaune a kujerar gefe, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Yaya ya ce, “Dama.”

Ba laifin likitar ba ne. Da dama ya karɓi biro, da dama ya sa hannu. Da ta juya tafin hagunsa da ta ga kantar shekara talatin da shida, amma wa zai ce a binciki dattijo a kan hannunsa? Daga ranar aka hana kowa taɓa hagun, ko awon jini ba a yi a nan. Duk wata allura, duk ƙarin ruwa, duk ɗibar jini na watanni huɗu, a dama aka yi su.

Ban san komai ba sai da na shiga ɗakin da aka kwantar da shi bayan aikin, na ga bandeji a hagu. Na jira Baba ya fita, na rufe ƙofa, na yi masa tas. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar.

“Wata huɗu kana da baki, ba ka koma ka gyara ba?”

“Kullum tare muke zuwa da shi, Auta. Da bakina na faɗa a gabansa. In koma in ce me? In ce duk shekarun nan ƙarya nake masa?”

Na ji haushinsa, na ji haushin Baba, na kuma ji tausayinsu su biyun har na rasa wanda zan fara yi wa kuka.

Jijiyar ta yi kyau, ta tashi ruɗu-ruɗu a hannun. In ka ɗora yatsa sai ka ji tana zuuu, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Likitar ta ce kullum da safe a taɓa, muddin tana wannan motsi hanyar wankin na nan, ranar da aka ji shiru a garzayo. Baba ya karɓi wannan aikin ba wanda ya sa shi. Kowace safiya sai ya tako har ɗakin Yaya, ya kama hagun, ya ɗora yatsu biyu, ya rufe ido, sa'annan ya ce, “Tana nan.” Ni dai in na gani sai in kau da kai.

A ranakun da ba wanki Yaya na zuwa shago ya koya wa dama aiki. Ƙusa ta lanƙwashe, zarto ya kauce wa layi, ƙafar teburi ɗaya ta fi 'yan'uwanta. Masu kawo aiki suka rinƙa yi masa sannu da jiki suna wucewa gaba. Mai faci ya ce min ya sha ganinsa zaune, hagun ajiye a kan cinya, yana kallon gudumar.

Shekara ɗaya da rabi ya riƙe dokar. Sai Baba ya zame a banɗaki, ƙugu ya bugu, tsuguno ya gagare shi. Ga shi kuma tsufa ya sa fitsari na tashinsa a kai a kai. Aka ce sai an yi masa kujera mai rami da madafa biyu, wadda za a sa bokiti a ƙarƙashi. Na ce zan ba wani kafinta. Yaya ya dube ni kamar na zage shi.

“Ina raye wani zai yi wa Baba kujera?”

“To ka nuna, wani ya buga.”

Ya ce to. Ashe to ɗin na raba gardama ne. Ya gwada da dama, kujerar ta fito tana rawa, ya ce ba zai ɗora tsoho mai ciwon ƙugu a kan wannan ba. Ya wargaza ta. Kwana uku ya yi yana yanka da kankara da bugu da hagu, ya gama, ya saƙalo ta a hannun ya kawo gida. Ban taɓa ganin aiki mai kyan wannan kujera ba, ko gashi ba zai shiga mahaɗinta ba. Ranar na ga fara'ar da na daɗe ban gani a fuskarsa ba.

Washegari da safe shi ya je ɗakin Baba, tunda Baba ba ya iya takowa. Baba ya ɗora yatsu biyu, ya rufe ido. Ya matsa da su sama kaɗan. Ya dawo da su. Ya daɗe bai buɗe idon ba.

Jini ya daskare a jijiyar. An yi ƙoƙarin buɗe ta, ta ƙi. Aka sa masa roba a wuya don wankin ya ci gaba, aka ce ita ba ta daɗewa, kuma ƙwayar cuta na saurin bi ta nan ta shiga jini. Dole a nemi wata jijiyar. Aka tura mu wurin wani likitan, wanda bai san mu ba. Baba ya nace sai an ɗauke shi a keken marasa lafiya an je da shi.

Likitan ya fara da dama. Ya bi hannun da na'ura daga wuyan hannu har hammata, yana girgiza kai. Allurai sun cinye jijiyoyin, duk sun ƙanƙance sun yi tabo. Ya duba saman hagun, nan ma bai ga abin da zai ɗora rai a kai ba. Ya jawo sabuwar takarda don ya cike, ya yi tambayoyinsa bi da bi, har ya zo kan wadda na sani.

“Da wane hannu kake aiki?”

Yaya ya buɗe baki, amma Baba ya riga shi.

“Da hagu,” ya ce. “Bahago ne, likita. Tun yana goye. Ba a yi kafinta irinsa ba.”

Likitan ya rubuta, ya wuce tambaya ta gaba. Yaya bai dubi kowa ba, hawaye kawai na ga yana bin gemunsa.

Mako bakwai bayan haka zazzaɓi ya shiga ta robar wuyan, ya yi kwana biyar, ya tafi da shi. Kujerar na nan a ɗakin Baba, ni nake fitar da bokitin kullum da safe. Sau da yawa nakan same shi zaune a kanta ya gama abin da zai yi tuntuni, ya ɗora yatsu biyu a kan madafar hagu, idonsa a rufe.