Zaren da Ya Ƙi Rabuwa

Yau shekara goma sha biyar da rasuwar kakata, Iya Hassi ta Bungudu, kuma ban taɓa bukatarta kamar bana ba.

Tana kaɗin zare ta ba ni labarin ƙanenta Ɗanjuma. Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba aka haife shi, wuyansa ba ƙwari, harshe a waje, shekara uku bai taka ba. Manya suka ce ɗan ruwa ne, aljannu suka musanya shi a ciki. Aka kai shi bakin gulbi da ƙwaryar fura, aka ce kowa ya juya baya, zai zama maciji ya koma wurin danginsa. Iya tana yarinya, ita ta ɗauki furar.

Ɗana Sadiku watansa goma, kamanninsa ke nan.

A asibiti a Gusau likita ta nuna mani hoton abin da ke cikin jininsa. Na zaci guntayen zare ne. Ta ce sunansu kuromosom, suna cikin kowace ƙwayar jikin mutum, bibbiyu, ɗaya na uwa ɗaya na uba. Idan ƙwaya za ta rabu, sai su nannaɗe su yi kauri, su jeru a tsakiya kamar sahu, a ja rabi nan, rabi can. Tun kafin shigar cikin Sadiku wasu biyu suka ƙi sakin juna, ya tashi da uku inda kowa ke da biyu. Na ce, to wankin da na je yi rafi da tsakar rana ina da cikinsa fa? Ta ce ba ruwan rafi.

Da Iya ta ga hoton nan, na san cewa za ta yi, wannan ai sawun zare ne ya harɗe, kowace mai kaɗi ta sani.

Amma Iya ba ta nan. Gwaggon maigidana ta zo daga Bilbis, ta leƙa goyona ta ce, "Ɗiyata, mi kike jira? Irin wannan ba a riƙe shi." Na nuna mata takardar likita, ta riƙe ta a juye. Tun ranar ko rijiya ba ni zuwa sai da shi a bayana.

Iya ba ta bar mani ko mazari ba. Abin da ta bari shi ne ta waiga ranar da aka kai Ɗanjuma gulbi, ita kaɗai. Ta ce bai zama komai ba. Yana zaune kan yashi, yana miƙo mata hannu.