Ba Kama Ba Ce, Tanko

Fiye da shekara sittin ina ce wa mutane wuta ce ta lanƙwashe mini yatsu. Ƙarya nake yi. Kuturta ce. Har 'ya'yana yau za su fara ji.

Ni ɗan dukawa ne a Zinder. Ina da shekara goma sha biyar, wata rana ina ɗinkin jaka, basilla ta shige mini yatsa ban ji ba, sai jini na gani a kan fata. Baba ya ɗaga rigata, ya ga wani farin tabo a bayana. Ya sauke rigar.

Washegari inna ta ware mini kwano, ta ɗaura masa jan zare don kada ya haɗu da na 'yan'uwana. Tana ɗaurawa tana kuka. Ban taɓa jin haushinta ba, amma zaren nan ya fi ciwon ci mini rai.

Mun sha sassaƙe, mun yi turare, a banza. Daga ƙarshe baba ya sayar da akuya, ya sa ni a motar gyaɗa zuwa asibitin mishan, can nesa da gida.

Lokotoro, wato likita, ya ce in rufe ido, ya riƙa shafa mini auduga. "Ka ji?" Ban ji ba. Ya ɗan yanki fatar kunnena ya duba. Ya ce, "Akwai magani, amma sai haƙuri. Shekaru ne, ba watanni ba."

Ƙwaya sau biyu a mako, wankin miki kullum da safe. Na ga waɗanda ba su da yatsa ko ɗaya, na ce tawa ta ƙare.

A ɗakinmu akwai Tanko, mutumin Gaffati, Kirista, mai tsokanar tsiya. Ran farko ya ga na koma gefe da kwanona, ya ce, "Kai, ɗan birni, a nan wa za ka shafa wa?" Ya tsinke zaren, ya sa hannu muka ci tare. Shi ya ba ni labarin yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu. Ranar da na ce gara in mutu, ya ce, "Wanda ya taɓa wancan bai manta hanyar ɗakin nan ba." Shekara huɗu muna ci a kwano ɗaya. A can aka yi mini baftisma.

Aka sallame ni, na koma Zinder, na ƙago labarin wuta.

Shekarar da ƙasa ta samu 'yancin kai, ina zaune a kasuwa cikin abokan sana'a, sai ga Tanko da dungulmin hannunsa, yana washe baki.

"Yusufa! Allah mai iko!"

Na dube shi, na dubi mutane. Na ce, "Malam, wa kake nema?"

Ya tsaya jim, hannunsa a miƙe. Sai ya mayar da shi cikin riga, ya ce, "Yi haƙuri, malam, kama ce." Ya wuce. Ko a wannan halin, asirina ya rufa.

Ban sake ganinsa ba. Da na yi ƙarfin halin zuwa Gaffati bayan shekaru, kabarinsa aka nuna mini.

Kunya nake ji, har yanzu da nake buga wannan da yatsa ɗaya. Jikina ya warke tun tuni. Wannan ne bai warke ba.

Na gode wa Ubangiji da bai yi mini yadda na yi wa Tanko ba. Na gode wa masu wanke mana miki, waɗanda ko sunansu ban riƙe ba.

In ka ga tabo a jikinka wanda ba ka jin taɓi a kai, je asibiti da wuri, kafin ya kai ga yatsu. Ana warkewa. Ka shanye maganin har ƙarshe. Kuma in naku ne ya kamu, kada ku ɗaura wa kwanonsa zare.

Ba kama ba ce, Tanko. Ni ne.