Hasken Da Ya Tsaya a Kan Iyaka

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan bayan Makoɗa ya san Muntaka mai gyaran rediyo. Tun yana yaro hannunsa ba ya zama lafiya. Shi ne ya kwance rediyon babansu don ya ga mutanen da ke magana a ciki, ya sha duka har sai da yayarsa Kulu ta kwanta a kansa. Da uwarsu ta rasu, ita ta ƙarasa rainonsa. Da aka raba gado kuwa gonarsa ta faɗo jikin tata, layin gamba kawai ya raba su.

Rediyo ta ja baya, Muntaka ya koma gyaran waya da fitilun sola a kasuwar Ɗambatta. A wayar ne ya ga yadda ake korar tsuntsaye da koren hasken lesa. Shi ke nan, barci ya ƙaurace masa! Ya sa aka kawo masa kan lesa ɗaya tilo daga Kano, da wani ɗan allon lantarki da bai kai faɗin tafin hannu ba, wanda yake kira ƙwaƙwalwa. Aikinta ta riƙa kunna hasken tana kashewa, da saurin da ido ba ya kamawa. In ta daɗe a kunne haske ya yi ƙarfi ya kai nesa, amma kan ya yi zafi. In ta rage, ya yi laushi. Lamba ɗaya ce Muntaka ke sauyawa daga wayarsa, ita ke ƙara ƙarfin hasken ko ta rage shi. Ya ajiye ta ƙasa-ƙasa, daidai inda hasken zai share gonarsa ya dushe a kan gamba.

Shekarar da tsuntsayen jan baki suka sauko, gero ya fara ƙosawa ke nan. Da asuba kowa na gona da gwangwani da ihu. Muntaka kuwa ya kafa abinsa a kan dogon gora, koren ɗigo na yawo a kan zangarniya, shi yana zaune yana shan koko. Tsuntsaye suka tashi kam, ba ƙarya. Sai dai a ƙasar da gona ke manne da gona, ina za su? Suka tsallake gamba suka zube wa Kulu.

Kulu mijinta ya rasu, gwiwa ta ƙi, murya ta dishe. Ta dogara sanda ta same shi.

"Muntaka, ƙara wa fitilar nan taka ƙarfi mana, ta leƙo wajena."

"Yaya, abin nan yana taɓa ido. Bari in daidaita shi, gobe in Allah ya yarda."

Maganar ido gaskiya ce, amma da ya ɗaga goran sama kaɗan an wuce wurin, shi ma ya sani. Tsoro ne kawai. Kan lesan nan guda ɗaya ne, in ya ƙone tasa gonar ma ta tafi. Gobe ta zo ya ce batir ne, jibi ya ce raɓa. Haba Muntaka! Kulu ba ta sake tambaya ba. Yana jin ƙarar gwangwaninta kullum tana raguwa, shi kuma ya daina kallon wancan ɓangaren.

Aka yi girbi. Rumbunsa ya cika har ya ari gefen na maƙwabci. Abin da Kulu ta tara a zani ɗaya ta ƙulle shi. Ya ɗora dammunan gero a amalanke ya kai mata, ta karɓa, ta ce Allah ya saka da alheri, irin godiyar da ake yi wa baƙo. Kafin wata damina ɗanta ya zo daga Shanono ya tafi da ita, aka ba wani aron gonar.

Washegarin tafiyarta Muntaka ya fita da sassafe, ya kafa goran, ya kai lambar ƙarshenta. So yake kan ya ƙone a gabansa, ko zuciyarsa ta sami abin kamawa. Koren ɗigon ya haye gamba, ya bi kunyoyin Kulu ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen gonar, ya dawo, ya sake komawa. Ya jira hantsi ya ɗaga, ya miƙa hannu ya taɓa kan lesan. Ko ɗumin kirki bai yi ba.