Akwatin Abdulganiyu da Ruwan Rubutu

Duk unguwar Mamobi ba a haifi mai kunne irin na Abdulganiyu ba. An ce ranar sunansa ma, da makaɗi ya kauce, jaririn sai da ya ja tsaki. Ya girma yana kaɗa jita a ƙungiyar kiɗan hailaif ta Masta Issifu, amma gaskiya hannun nasa ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin da ya riƙe masa gurbi wani ɗan jan akwati ne da wani ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo masa daga tashar jirage ta Tema a 1978. Feza ake ce masa, kunnen murɗawa ɗaya gare shi. Ka murɗa kaɗan, sautin jita ya riƙa lilo a hankali kamar igiyar ruwa. Ka ƙara, ya kama rawar ɗari. Abdulganiyu ya san daidai inda kunnen zai tsaya lilon ya hau kan ganga. Ko ƙuda ya sauka a kan akwatin sai ya ji ba'asi.

Uwarsa, Mma Adiza, ta bango take jin abin. "Wannan ba kiɗa ba ne," in ji ta, "wani ne a ciki yake neman hanyar fita."

Ana gobe Masta zai kai su ɗaukar faifai, Abdulganiyu ya tafi aski. Mma ta karɓo rubutu gun malam, ta ɗura wa akwatin ta gindin kunne, ta goge shi tas ta mayar.

A ɗakin ɗauka ya taka akwatin ya kunna shi. Lilon ya taso a hankali, ya zabura kamar direban turoturo, motar haya, ya hango fasinja, ya tsaya cak, ya koma gurnani. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, akwati ya ce bai san shi ba.

"Cale, abokina, rage gudun!" in ji Masta.

"Masta, na rage."

"To wa ke ƙarawa, kakanka? Cire shi ka kaɗa haka!"

Ya cire, ya kaɗa haka, kowa ya ji hannun nasa tsirara. Mako na zagayowa, wani ne rataye da jitar.

A gida ya ga baƙin ruwa na tsattsafowa daga gindin kunnen. Mma ta leƙo tana washe baki. "Ya yi laushi ko? Sau biyu na ba shi, na farko tofarwa ya yi."

Ya buɗe baki, ya dubi tsohuwa tana murna, ya rufe. "Na gode, Mma."

Masu gyaran rediyon unguwar Nima kaf sun leƙa cikin akwatin sun girgiza kai. Ya koma kasuwar Abossey Okai yana sayar da fitilun mota, akwatin na kan kantarsa. In kasuwa ta yi sanyi sai ya murɗa kunnen zuwa wurin nan da ya sani, ya kasa kunne, ba ko waya a jiki. Mma kuwa, rediyon kowa ya yi tari a unguwa, ita ke kwatanta masa gidan malam.