Yatsan Ladidi da Zara Matar Wata

Ni dai karatuna a aji huɗu ya ci birki, don haka masana taurari su yi mini afuwa. Amma in maganar Zara ce, su zo su ɗauki darasi, ni na sha wuyarta.

A gidanmu na Ƙofar Kibo, zamanin da motoci suka koma hannun dama, da an idar da magariba sai mu kewaye murhun kakarmu Iya, tana gasa mana dankali. "Mijin banza" take kirana. Wani maraice ta ɗaga haɓa yamma, inda wata tauraruwa ke ƙyalli kusa da jinjirin wata.

"Ga ta nan, ga ta can," in ji Iya. "Zara ce, matar wata. Da baki ake nuna ta, ba da hannu ba."

Ta ce Zara ba ta taɓa haihuwa ba, kullum tana leƙen gidajen mutane tana kallon 'ya'yansu. Yaron da ya miƙa mata yatsa, a wajenta cewa ya yi a ɗauke shi. Sai ta bari mijinta ya yi tafiya, ta sauko ta bayan ganuwa, ta shafa yaron da hannunta mai zafi, kafin mako ta goya shi ta wuce.

"Ranar da kuka duba sama ba ku gan ta ba, to tana cikin gari."

Ni kuwa, babban mai bincike, na ƙudurta sai na gwada. Amma ba da yatsana ba, ina da hankali. Washegari na ɗauki ƙanwata Ladidi, 'yar shekara biyu, na kama nata na miƙa.

Bayan 'yan makonni Zara ta ɓace daga sama. Ladidi ta kwanta, jiki kamar garwashi, ƙyanda ta feso mata har cikin baki. Na daina cin tuwo. Ko kaza ta motsa a zaure, sai in ce ga ta nan. A kwana na huɗu, da na ji numfashin yarinyar yana ƙara, na je na faɗa jikin Iya na tona wa kaina asiri.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ba ta kuma ce mini tatsuniya ƙarya ce ba.

Da asuba ta tashe ni, ta nuna gabas da baki. "Ka ga wancan? Gamzaki ne, dogarin sama. In ya fito, Zara ba ta isa ta ɗauki ɗan kowa ba. Share majinarka, mijin banza."

Kwana uku bayan haka Ladidi ta nemi kunu.

Na yi gemu kafin wani akawu ɗan Wusasa, Malam Bulus, ya gaya mini Zara da Gamzaki abu guda ne, wata duniya ce mai kewaya rana, Larabawa na ce mata Zuhura. Na ce, "Malam, wato ɓarauniyar ita ce dogarin?" Muka yi ta dariya.

Ranar da aka kai Iya makwancinta dariyar ta ƙare. A nan na ji ashe 'ya'ya huɗu ƙyanda ta karɓe mata, ɗaya bayan ɗaya. Sai na gane ba don ta tsorata mu ta ba mu labarin ba. Ita ma so take ta yarda cewa waɗanda aka raba ta da su suna bayan wata uwa, a goye.