Ƙafar Keken Malam Bulus

Abin da na fara gani ranar da na sauka Kalgo daga Gwandu shi ne ƙafafun keke guda bakwai rataye a reshen dogonyaro, iska tana juya su. Shida suna juyawa sumul. Ta bakwai, wadda ke can ƙarshen reshe kuma ta fi kowace sheƙi, tana ɗan karkacewa kamar mai ɗingishi. Ban gaya wa kowa ba, domin ni ba mai yawan magana ba ce.

Hutun ƙarshen zango na zo yi a gidan Kawu Sahabi, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran keke a gindin wannan bishiya. Aikina shi ne shara, wanke ƙananan ƙarafa da kananzir, da jera wayoyin ƙafa bisa tsayinsu. A nan na ga yadda yake gwada ƙafa. Yakan ɗauki ƙaramar sifana ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana bugawa, kunnensa a kusa. Ya ce ƙafar da muka saba da ita waya talatin da shida gare ta, ko ɗaya ta saki sauran za su rufa mata asiri. Amma irin ta kekunan zamani da 'yan jami'a ke hawa, mai ashirin da huɗu, kowace waya nauyinta take ɗauka. Sai rim, wato da'irar ƙarfen da wayoyin ke riƙe da ita, ya zama mai kauri, mai bango biyu, kuma duk wayoyin su yi kuka iri ɗaya.

Ranar Asabar ta sati na biyu Kawu ya tafi ta'aziyya Malisa. Ya ce in zauna in sayar da abin da ke da farashi a jiki, gyara kuwa a jira shi.

Da hantsi sai ga Malam Bulus, mutumin Zuru da ke koyar da darasin hutu a Wurogauri, yana turo kekensa. Ƙafar baya ta lanƙwashe a rami. Ya ce ranar Litinin ɗalibansa za su yi jarrabawar gwaji, takardun kuwa suna hannunsa, dole ya isa kafin ƙarfe takwas. Kekensa irin na zamani ne mai ƙarancin waya, kuma albashi bai shigo ba, don haka mai araha yake nema. Ya ɗaga kai, ya nuna mai sheƙin nan. Sabuwa ce, kuma ta fi sauran sauƙin kuɗi.

Na sauko masa da ita. Na riga na lura da igiyar roba a kariyarsa, wurin ɗaura kaya a bayan keke, da ƙaiƙayin shinkafa da ya maƙale a wurin. Mutumin nan buhu yake ɗaurawa. Ya sa hannu a aljihu zai biya. Da na rasa yadda zan yi, sai na ɗauki sifanar Kawu na fara buga wayoyin. Wata ta yi ƙara siririya, wata ta yi wani dum kamar tsohon gwangwani.

Malam ya yi dariya ya ce, “'Yata, molo kike kaɗa mini?”

Na ce, “Malam, ka saurari wannan kuma.”

Na sauko da wata ta hannu, fentinta duk ya goge, ita ma waya ashirin da huɗu. Na bi su duka, muryarsu ɗaya. Na sa yatsansa a kan rim ɗin biyu don ya ji bambancin kauri, na juya sabuwar a gabansa ya ga ɗingishinta. A ƙarshe na ce, ina kallon ƙasa, ai ita ba za ta kai buhun shinkafa Wurogauri ta dawo ba. Ya waiga ya dubi kariyarsa, ya tambaye ni wa ya gaya mini zancen shinkafa. Na nuna ƙaiƙayin. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce shi dai tsohuwar zai ɗauka, ko da ta ɗara sabuwar kuɗi kaɗan.

Bayan La'asar Kawu ya dawo. Malam, da ya zauna jiransa, ya ba shi labari, har da kwaikwayon yadda nake bugawa. Kawu ya dafe kai, ya ce waccan ƙafar ya ware ta ne a ƙarshen reshe don ya mayar wa dillali, ya manta bai faɗa mini ba. Ya dube ni ya ce, “Ashe ɗiyar ga tamu kunne gare ta, baki ne kawai take rowa.” Nan take ya ɗaura ƙafar.

Ranar Litinin da azahar Malam Bulus ya wuce ta gabanmu yana kaɗa ƙararrawa, jakar takardu a baya, da rabin buhu a ƙarƙashinta. Bai tsaya ba, hannu kawai ya ɗaga.

Tun daga ranar na gane cewa a wannan sana'a, kafin a zaɓa wa mutum ƙafa, sai an dubi abin da yake ɗaurawa a kariya. Da za mu tashi, Kawu na tattara kaya, na je na tsaya a bayansa.

Na ce, “Kawu, gobe ka ba ni makullin ɗaure wayoyin ƙafa. Ina so in gyara mai ɗingishin nan da hannuna kafin ka mayar da ita.”